Tumbina da Babur ɗin Kawu

Bayan ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki Kawu ya aiko a ce in same shi ƙofar shagonsa, in zo da babur. Babur ɗin nasa ne, ni haya kawai nake yi da shi, aikin da mu a Douala muke kira bensikin. Kawu yayan Inna ne, dogo siriri, irin mutanen nan da ko sa guda suka cinye ba za ka ga inda ya shiga ba. Ya zagaya babur ɗin yana leƙe-leƙe kamar mai saye, sannan ya ce in hau. Na hau. Babur ya yi wani kuka daga baya, ya durƙusa.

"Ka ji?" in ji Kawu.

"Kawu, ƙarfen baya ne. Dama kayan yanzu ba su da ƙwari."

"Ƙarfen baya sau biyu ina canza shi bana. Kujerar fa? Ita ma kayan yanzu ce ta tsuke?"

Nan na gane an kai ƙarata. Kuma na san mai ƙarar. Akwai wata mata 'yar asalin garin, muna ce mata Mami, kullum da safe ni nake ɗauko ta daga bakin ruwan Youpwé da bahon kifinta in kawo ta kasuwar New Bell. Tun kafin a ba ni babur ɗin take hawan sa. Ita ce ta je ta gaya wa Kawu wai yanzu ba kujera take biya ba, ƙarfen ɗaura kaya take biya, don duk kujerar ni na cinye.

Kawu bai ja magana ba. Ya nuna min ramin nan na kan hanyar masallacinmu, wanda ya girmi wasu yaran unguwa.

"Jajiberin babbar Sallah ni da kaina zan hau bayanka, mu bi ta cikinsa. In na ji tayar baya ta gogi murfinta, ka miƙo makulli. Akwai mai jira."

Mai jiran ma na san shi. Ƙanin mijin 'yar Kawu ne, wani yaro kamar tsinken tsire, wanda in iska ta taso sai ya riƙe falwaya. Ni kuwa babur ɗin nan da shi nake ci, da shi Inna ke ɗora tukunya. Makaranta tun a aji uku na sakandare muka rabu da ita ba faɗa, ba ni da takardar da zan nuna wa kowa. In makulli ya bar hannuna, sai dai in koma tura amalanke a babbar kasuwa, inda na baro da ƙyar.

Tumbin kuwa ba ƙarya Kawu ya yi ba. Mutane a azumi suke ramewa, ni a azumi nake cika. In na sunkuya ɗaura takalmi sai na yi sallama da numfashi tukuna.

Kafin la'asar labari ya gama unguwa, don a New Bell ko tari ka yi a ɗaka sai an yi maka sannu a bakin titi. Likitoci suka fito kamar tururuwa. Biyu kawai na saurara.

Na farko maƙwabcinmu ne da kowa ke ce wa Koci. Ya taɓa buga ƙwallo, kuma in ka ji ta bakinsa gwiwa ce kaɗai ta hana shi zuwa Turai. Ya dafa min ciki kamar mai taya rago.

"Mon petit, wannan ba komai ba ne. Gudu. Kitse zufa ne da bai samu hanyar fita ba. Ka biyo ni da asuba, ka ci duk abin da ranka ke so."

Ta biyun 'yar Kawu ce, taubashiyata. Tana aiki a wani ofis a Akwa, Faransancinta ta hanci yake fita. Ni ina ce mata Madam, ita tana ce min Tulu, tun muna yara haka muke. Ta zo gidanmu da jakarta ta zauna a kujerar Inna.

"Tulu, kada wannan mai guntuwar gwiwar ya kashe ka. Fanke nawa kake ci da safe kafin ka ce bismillah ta biyu? Ka san gudun da za ka yi kafin ka ƙone su? Sai ka haye gada ka kai Bonaberi ka dawo. Maganar a baki take. Rejim za ka yi."

Inna tana daga madafa ta jiyo. Ita rejim ɗaya ta sani, nonon filanten guda, ayabar nan ta soyawa, da ake sarowa a kasuwa, haka masu sayarwa ke kiran sa.

"Rejim kuma? Shi kaɗai? Ai ya yi tsada yanzu, sai dai rabi."

Madam ta yi dariya har da hawaye, ta yi wa Inna bayani rage cin abinci ake nufi. Fuskar Inna ta canza. Na ga yadda ta kalle ni, kallon wanda za a kai asibiti.

Ni fa ban yarda da ko ɗayansu ba. Madam, ƙanin mijinta ne ke jiran makulli. Mutum ya zo yana koya maka yadda za ka hana danginsa samu, ai dole ka duba bayansa. Koci kuma duk wanda ya taɓa bin sa gudu ya gudu ya bar shi, neman abokin wahala yake. Sai na yi lissafin ɗan titi: in haɗa duka biyun. In ɗaya cuta ta yake, ɗayan ya cece ni.

Da asuba bayan salla muka fara bin hanyar filin jirgi ni da Koci. Ranar farko karnuka ma ba su bi ni ba, tausayi na ba su. Koci yana gaba yana hura usur, ni ina baya ina karanto duk addu'ar da na sani. Abinci kuma na bi dokar Madam. Na bar fanke da wake na safe. Na bar shinkafar rana mai man ja. Tsire na koma gaishe shi daga nesa. Gasasshen kifi, ganye, rabin bobolo, dogon ƙullin rogon nan, shi ke nan. Kullum da yamma Madam za ta kira ni a waya da tambaya ɗaya.

"Tulu, me ka ci yau?"

In lissafa mata tsakani da Allah. Ban taɓa ɓoye mata ko loma ɗaya ba, don ina so in abin ya ƙi, in san wanda zan kama.

Abin mamaki, ya fara yi. Akwai sikeli a wani shagon magani kusa da mu, can nake hawa. Allura ta fara ja da baya. Na kai bel ɗina wajen mai gyaran takalmi ya huda sabon rami. Mami ta hau wata safiya ta ce yau ta samu kujera yatsa biyu, Allah ya ƙara. Na fara tafiya ina buɗa kafaɗa. Yaron nan mai jiran makulli in mun haɗu har ɗaga masa hannu nake.

Sai allura ta kai casa'in da takwas ta tsaya.

Mako ya wuce tana nan. Wani makon ya bi, tana nan, kamar an buga mata ƙusa. Na hau da takalmi, na hau ba takalmi. Na hau bayan na fito daga bayi. Na hau da ƙafa ɗaya. Casa'in da takwas. Babur kuma bai daina kukansa ba, ya dai rage murya. Na gwada ramin masallaci da wani abokina a baya, taya ta gogi murfi har da ƙauri.

Na kira Madam.

"Plato ne," ta ce.

"Plato na jera ƙwai na sani. Ni ban ci ƙwai ba."

"Jahili. Jiki ne ya saba. Ka ragu, to abin da jikin ke ƙonawa ma ya ragu. Ko ka ƙara rage ci, ko ka yi haƙuri."

Haƙuri. Kalmar nan ta tsaya min a wuya. Wa haƙurina zai amfana? Wanda ke ƙirga kwanakin Sallah a gidan mijinta. Na je wajen Koci, ya ce ai dama ya faɗa, yunwa ba ta rage ƙiba, tsorata jiki take ya riƙe kitsensa. A ƙara gudu. Muka ƙara. Muka fara zagayawa ta unguwar Nylon, cikin lungunan nan da in an yi ruwa ba ka sanin ina hanya ina kwata. Rabin bobolo ma na mai da shi kwata.

Wuya na sha, ba kaɗan ba. In mun dawo gudu maƙogwarona kamar an share shi da tsintsiya, sai in tsaya wajen mai shayin bakin layinmu in jiƙa shi da kofi ɗaya, mai kauri, irin wanda cokali ke tsayawa a ciki. Biredi kuwa ko kallo, don biredi abinci ne. Da rana zafin garin nan ya taso, kai da kanka ka san mai babur ba ya rayuwa ba sanyi, sai in sha folere, wato zoɓo, ko kosam, kindirmon nan na leda, a wajen jiran fasinja. In yunwa ta murɗe ni da la'asar ba na karya doka, sai dai in jiƙa garin rogo da suga da 'yar gyaɗa in sha, don kada jiri ya kayar da ni da fasinja. Ga shi lokacin mangwaro ne, Allah ya kawo sauƙi. Amma ci? Wallahi ban ci ba.

To in ban ci ba, kuma ina gudu kamar ɓarawon waya, wa ke mayar min da kitsen?

Sikelin shagon magani na fara tuhuma. Na lura kusa da shi suka jera wani ganyen shayi na rage ƙiba, da hoton wata mata kafin da bayan. Kuma duk lokacin da na sauko rai a ɓace, sai mai shagon ya kalli kwalin ya kalle ni. Na ce to, an ɗaure allura don a sayar min da ganye. Washegari a Youpwé na roƙi masu auna buhunan kifi su bar ni in hau babban sikelinsu. Suka taru suna ihu, wani yana tambaya nawa kilo, wani yana cewa wannan sai dai a kai wa masu otal. Mai sikeli ya gyara ƙarfensa, ya duba.

"Casa'in da tara."

"Ƙarya ne!"

"To cire makullin da wayar."

Sikeli ya fita daga zargi. Saura mutane.

Ban so ba, amma zuciyata ta koma kan Inna. Tun da bel ya samu sabon rami take bi na da ido. Na ji ta da kunnena tana gaya wa maƙwabciya wai yaro yana zubewa, kada mutane su ce wani ciwo ne. Kuma kowa ya san ƙwayar nan da 'yan mata ke sha kafin biki, sha-ka-fashe, a kowane lungu ana samu. Daka ta a miya ba wuya. Sai na fara dawowa gida lokacin girki in zauna a bakin madafa, wai hira na zo. Ina kallon hannunta, ina kallon ludayin mai, ina kallon kowane ƙulli da ta kwance.

Rana ta farko ta ƙyale ni. Ta biyu ta ajiye muciya.

"Kai, tun da na haife ka ba ka taɓa taya ni hira a madafa ba. Me kake nema?"

"Ba komai, Inna. Wannan farin garin na mene ne?"

"Kanwa ce. Ko za ka lasa?"

"A'a, tambaya ce."

"Au. Ni ce nake hura ka ke nan? Da famfon taya nake bin ka in ka yi barci?"

Na yi 'yan kame-kame, amma daga ranar na ce ta daina zuba min, zan riƙa sayen kifina a waje in ga abin da zai faru. Ta ce to. Kwana biyu ba ta kula ni sosai. A na uku na dawo na tarar da kwanon sha a rufe a ƙofar ɗakina.

"Tunda ka daina cin abincina," ta ce ba tare da ta kalle ni ba, "ko kunu ka sha. A gabanka zan dama gobe in kana tsoro."

Kunun gyaɗa ne, da madara da suga, yadda nake so tun ina yaro. Na ce a raina kunu ai ba abinci ba ne, kuma uwa uwa ce. Na shanye. Kullum sai ta dama, kullum sai na shanye, muka shirya.

Allura ta matsa gaba kaɗan.

Yanzu kam saura mutum biyu, kuma Koci ba shi da wayon cutar kowa. Na tabbata Madam ce. Wata dabara ce ta 'yan boko, a ba ka rejim na ƙarya wanda zai yi aiki da farko don ka saki jiki, sannan ya tsaya daidai lokacin da ba ka da sauran kwanaki. Na fara amsa wayarta a daƙile. Raguna sun fara shigowa gari daga arewa, duk wanda ya yi kuka sai in ji kamar makullina yake kira.

Wata safiya ina Youpwé ina jiran Mami ta gama ciniki. Jiragen ruwa sun makara, rana ta fito. Na sayi mangwaro kashi guda na zauna a kan babur ina aiki, ruwansa har gwiwar hannu. Ƙwallaye sun taru a gabana. Mami ta iso da baho a ka, ta tsaya tana kallo na. Ita ba ta jin Hausa, da Faransanci muke yi.

"Kai ba ka ce kana rejim ba? Kullum na gan ka bakinka na motsi. Yanzu ma ci kake."

"Mami, je ne mange pas," na ce mata. "Je bois." Wato ba ci nake ba, sha nake.

"Kana shan me?"

"La mangue."

Sai da ta sauke bahon ƙasa don kada ya zube. Ta riƙe ciki. Ta kira sauran matan kifi da hannu.

"Ku zo ku ga Bahaushe yana shan mangwaro! Da haƙora! Ɗana, a kofi aka zuba maka?"

Na ce mata haka ake faɗa, mangwaro shan sa ake, kowa ya sani. Wata mai ɗaurin ɗankwali ja ta ce to ƙwallon fa, shi ma haɗiye shi nake? Suka sake fashewa. Mami ta share hawaye ta ce in gaya mata, me da me kuma muke sha a garinmu.

Ni da nufin in kare kaina na fara jerowa. Rake, sha. Abarba, sha. Kankana, sha. Kunu, sha. Kosam, folere, shayi. Alewa ma sha. Garin rogo da suga da gyaɗa, sha.

"Garin rogo? Wanda ake ɗiba da cokali, ya kumbura a ciki kamar siminti?"

"Eh, amma jiƙa shi ake."

"Kuma duk wannan kana sha kullum?"

Na buɗe baki in ce ba duka ba. Sai na tuna jiya. Na tuna shekaranjiya. Duka ne, har da ƙari.

"To ɗana," ta ce, tana ɗora min baho a baya, "wanda ka ci yana tafiya ciki. Wanda ka sha ina yake tafiya? Aljihu?"

Muka kama hanya. Da farko ma na ce ko ita ma da ita aka haɗa baki, don ita ta fara kai ƙarata. Amma na juya maganar ta kowane gefe ban ga ribarta a ciki ba. Ita kujera kawai take so. Ina sauke ta na wuce Akwa da ƙarnin kifina, na sa mai gadi ya kira min Madam. Ta fito tana toshe hanci.

"Lafiya, Tulu? Wa ya mutu?"

"Madam, tambayar da kike min kullum, sake yi min ita."

"Me ka ci yau?"

"Ban ci komai ba."

"To sai me?"

"Yanzu ce min, me ka sha."

Na ga idonta ya tsaya. Ta ce a hankali, "Me ka sha?" Na fara daga shayin asuba. Ban kai kunun Inna ba ta dafa bango.

"C'est pas vrai. Madara ta gwangwani? Kullum? Bayan gudu?"

"Maƙogwaro nake jiƙawa."

"Kai wane irin dabba ne? Gudun da ka yi duka a kofi ɗaya kake mayar da shi, sauran kuma riba ce! Me ya hana ka gaya min?"

"Kin tambaya? Ke mai digiri, ke mai ofis da sanyi. Me ka ci, me ka ci. Na taɓa yi miki ƙarya?"

Nan na kama ta. Don ita ma duk Faransancin nan na hanci, da Hausa take tambaya ta, kuma da Hausa take jin amsar. Da za ka ba ta mangwaro a lokacin ka ce me take yi, sha za ta ce. Sai can ta sami abin kamawa.

"Ko azumi da kake yi, ci kaɗai aka hana ka? Ba ci da sha aka ce ba?"

"To ai kin ga malamai sun fi ki iya tambaya."

Ta jefe ni da biro. Amma dariya take. Na so in gaya mata wata guda ina zargin ta da sayar da ni ga dangin mijinta, sai na ga ba amfani, na bar shi don wata rana da za ta ɓata min rai.

Daga ranar duk abin da zai wuce maƙogwarona sai na tsare shi a ƙofa kamar ɗan sanda, ban damu da ci ake ko sha ake ba. Folere da kosam muka yi bankwana. Gari na bar wa ɗalibai. Mangwaro ɗaya, shi ma ina hararar sa. Na sayi gorar ruwa na ɗaure a gaban babur. Inna na ce mata na dawo cin tuwonta, kaɗan dai, kunu kuma ta huta. Ta ce dama ita gyaɗarta take tausayi.

Mai shayi ne ya ɗauki abin da zafi. Ranar da na ce ya ba ni ruwan bunu, ba madara ba suga, sai ya riƙe buta a sama.

"Wa ya ce maka wani abu a kaina?"

"Ba kowa."

"Wajen na bakin kasuwa ka koma ko? Madararsa rabi ruwa ce, in ba ka sani ba."

Na ji daɗi, ashe ba ni kaɗai ke da ciwon zargi a layin ba.

Gudu ban bari ba, na dai rage, don gwiwata ta fara irin maganar ta Koci. Ba a daɗe ba allura ta tuna hanyarta. Ba da sauri ba, amma tana tafiya. Koci ya bi unguwa yana cewa gudun ne ya fara aiki, dama kitse sai ya yi taurin kai kafin ya sallama. Madam ta ce rejim ɗinta ne, da an bi shi daidai tun farko. Na bar su. In ka tambaye ni, gudu ya ba ni numfashi, yanzu ina ɗaura takalmi ina magana. Amma allura ba ta motsa ba sai da na rufe famfo. Wannan ma ban gaya wa Koci ba, kada ya ƙara min zagaye.

Jajiberin Sallah aka tashi da ruwa. Ramin masallaci ya cika, ba ka ganin zurfinsa. Ko'ina raguna da yara da masu wasa wuƙa. Na iso ƙofar shago na tarar da Kawu a shirye, sanye da babbar riga, ga kuma buhun gawayi a gefensa.

"Kawu, wannan fa?"

"Mami hannu sake take hawa?"

Sai da na kalli aljihunsa, don yadda rigar ta yi nauyi ban yarda babu duwatsu a ciki ba. Yaron nan tsinken tsire yana tsaye can gefe, wai wucewa yake. Aka ɗaura gawayi. Kawu ya hau. Kujera ta ɗauke mu mu biyu, har da ɗan fili a tsakani da zai isa a sa tafin hannu.

Na ja a hankali. Na tsuke ciki, ko da yake na san tsukewa ba ta rage nauyi. Tayar gaba ta shiga ruwa ta fita. Ta baya ta faɗa. Sai na ji wani ɗan ƙis.

Ƙarami ne, amma na ji shi. Ko taya ce, ko buhun gawayi, ko gwiwar Kawu, har yau ban sani ba. Na saurari bayana. Shiru. Muka wuce masallaci, muka kai bakin layi.

"Tsaya nan," ya ce.

Wajen mai shayi ne. Ya sauka, ya zauna a benci, ya ce a haɗa biyu masu kauri. Aka ajiye ɗaya a gabana, madara har tana yin fata a sama. Kawu bai taɓa saya min ko ruwan leda ba tun da nake. Na kalli kofin, na kalle shi. Yana hura nasa kamar ba ruwansa. Mai shayi ya harɗe hannu yana jira.

"Kawu, na ƙoshi."

"Ci na ce ka yi? Sha ne."

Ashe labarin ya kai masa. Mami ce, ko Madam, ko duka. Na tura kofin gabansa, na ce a ba ni ruwan bunu. Mai shayi ya yi tsaki. Kawu ya shanye nasa, ya jawo nawa ya shanye, mutumin da ba a ganin komai a jikinsa. Ya goge baki ya miƙe. Makulli yana hannuna, na damƙe shi har ya yi min shaida a tafi.

"Ka kai gawayin nan gida," ya ce. "Gobe kuma ana saukowa idi ka zo da babur, akwai rabon nama har Nylon."

Washegari da yamma na dawo daga rabon, gida duk ƙamshi. Inna ta leƙo daga madafa da ludayi, mai yana kyalli a kansa.

"Ga romon kai can. Za ka sha?"

Na tsaya a bakin ƙofa.

"Inna, tsaya tukuna. Nuna min tukunyar."